Damin Aro

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a, cocinmu na Kaura Namoda ya rage kusan rabi. Wasu sun koma garuruwansu saboda tsoro, wasu kasuwa ce ta ja su gaba. Mu dai muka zauna, domin maigidana ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma duk 'ya'yanmu a nan aka yanke musu cibiya. Abin da raguwar ta jawo mini shi ne, ba sauran ɓuya a cikin taro. Duk abin da ka riƙo, kowa yana gani.

Muna da al'ada in kaka ta yi. Ranar Lahadin godiya, kowane gida zai taso daga bakin ƙofa da abin da ya noma, ana kiɗa ana rawa har gaban bagade, fasto ya tambaya me aka kawo wa Ubangiji, a faɗa da baki. Ni kuwa tun ina yarinya idona ba ya zama a kwanona, sai ya leƙa na wani. A zumuntar matan cocinmu akwai matar wani mai kantin magani, mace mai kirki wadda ba ta taɓa yi mini komai ba, amma na ji ana cewa bana rago za su kawo da buhun shinkafa. Daga ranar tuwo ya daina yi mini daɗi.

Gonarmu ta hanyar Zurmi ba ta ba mu abin kirki ba. Ana tsakiyar noman farko kububuwa ta sari maigidana a ƙafa, muka share makonni a asibiti, ciyawa ta ci gonar son ranta. Abin da muka tsira da shi gyaɗa ce kwano huɗu, sai dami uku na gero, ramammu kamar tsintsiya. Na ƙudurta a raina ba zan yi rawa da wannan abin kunya a gaban matar mai rago ba.

Katanga ɗaya ta raba mu da wata tsohuwa Musulma da muke kira Inna. 'Ya'yanta manoma ne a Badarawa, sun sauke mata damman gero jibga-jibga a tsakar gida. Ranar Asabar da hantsi na shiga, muka gaisa, na yi ta kewaye-kewaye, sannan na roƙe ta aron dami biyu. Na ce in na sussuka namu zan cika mata, ba wanda zai sani. Ta tambaye ni ko abinci ne ya yanke mana, na ce a'a. Da ta matsa, na faɗa mata gaskiya.

Inna ta yi dariya har da share hawaye. Ta ce ai ko makaho ya shafa ɗaurin nan ya san na mutanen Badarawa ne, balle dattawan cocinmu da suka tsufa a gona. Daga nan ta daina dariyar, ta dube ni.

"Ɗiyata, in yunwa ta, ɗauki biyar, ban biɗar ko zangarniya. Amma wanda za ki kai ma, shi bai san abin da yab ba ki ba? Ni nan nir riƙa maki yara ranar da anka fita da mijinki, ba mu aza yana dawowa ba."

Na ji haushi ƙwarai, har na fita ba sallama. A tsakar gidanmu na tarar da maigidana zaune a kan turmi yana ɓarar gyaɗar nan, ya miƙe ƙafar da ta kumbura, yana rera waƙar coci da muryarsa da ba ta taɓa bin kiɗa daidai ba. Na tsaya ina kallonsa. Wata huɗu ke nan ina lissafin abin da ciyawa ta cinye, ban taɓa durƙusawa na gode don wannan mutumin yana numfashi ba. Kunya ta kama ni, irin wadda ta fi ta damin. Na koma na ba Inna haƙuri, ta ce in tafi can, sarkin zuciya.

Da safe na ɗora gyaɗar a tasa, yara suka ɗauki damman namu. Ragon ya zo, ƙato ne kuwa, kuma ba zan yi ƙarya ba, sai da na kalle shi sau biyu. Da aka kira gidanmu, maigidana ya ƙi zama. Ya dogara sandarsa ya taso, yana ɗingishi yana rawa, muka yi ta tafiya a hankali har masu kiɗa suka rage sauri don su jira shi.

Fasto ya tambaya me muka kawo wa Ubangiji. Na sauke tasar a gaban bagade.

"Gyaɗa kwano huɗu da gero dami uku," na ce. "Ga kuma baban yara, da ƙafarsa ya zo."