Ranar da Cikin Kyalla Ya Kumbura

A daminar da ta gabaci samun 'yancin kai, wata safiya ranar kasuwar Mirriya, na tarar da akuyarmu Kyalla kwance bayan rumbu, cikinta ya kumbura kamar ganga. Ban wuce shekara tara ba. Mahaifiyata ta rasu, mahaifina yana soja a ƙasar da ko sunanta ban iya faɗi ba, ni da kakata Iya Habsu kaɗai muka rage a gidan. Ita ma ta yi sammakon kai daddawa kasuwa.

Kyalla ce nononmu, ita ce kuma abokiyar hirata. 'Yan matan unguwa suna can bakin rijiya suna gaɗa, ni ina gida ina cire mata kaska, ina shafa toka da man gyaɗa a gurbin, ina ba ta labarin da ba wanda zai saurara. A daren da ya gabata ta tsinke igiya, da asuba ta faɗa gonar wake, ta cika ciki da ɗanyen ganye mai raɓa. Iya kan ce, "Ɗanyar harawa sai ta sha rana kafin ta shiga bakin dabba."

Na fita da gudu neman taimako. Gida bayan gida na yi sallama, kaji ne kawai a tsakar gida, kowa yana gona ko kasuwa. Na dawo ina kuka, na yi abin da na taɓa ganin Iya ta yi wa tunkiyar maƙwabta. Na tayar da Kyalla da ƙyar, na ɗora ƙafafunta na gaba kan turmin da na kife. Na ɗura mata man gyaɗa kaɗan-kaɗan ta gefen baki don kada ta shaƙe, na gitta mata kara a baki na ɗaure ta ƙeya don ta yi ta tauna. Sai na shiga murza gefen cikinta na hagu. Har rana ta take ba abin da ya sauya. Can sai ta saki wata doguwar gyatsa mai wari, wata ta biyo, cikin ya fara saki. Na zauna a ƙasa na rungume wuyanta.

Da la'asar Iya ta dawo. Ta duba karan, ta latsa cikin, ta daɗe tana kallona.

"Wa ya taya ki?"

"Ba kowa, Iya."

Ta juya baya tana kwance ƙunshinta, na ga tana goge ido da gefen zane. Ta miƙo mini ƙuli-ƙuli.

Yau ina zaune a Birni cikin jikoki, gidan ba ya rabuwa da hayaniya, in dabba ta yi ciwo waya ake bugawa mai magani ya zo kan babur. Sun huta, na yi musu murna. Amma wanda ya san Iya a cikinsu babu, ni kaɗai nake tuna ta.