Yaya Salihatu, Wadda Ta Hau Dutse Da Mu

Daga wurin Allah muka zo, wurinSa za mu koma, kuma yayata ta riga ni tafiya. Ranar Laraba, 11 ga watan Yuni, 2025, ko naman Babbar Sallah bai ƙare a gidaje ba, Allah Ya karɓi ran Yaya Salihatu a ɗakinta da ke Kontagora, bayan hawan jinin da ta yi ta fama da shi tun bara. An yi mata sutura da la'asar. Ni ce ƙanwarta Jawahir, uwa ɗaya uba ɗaya. Karatuna bai yi nisa ba, a yi mini afuwa in magana ta karkace. A zaman makoki mutane sun yi ta faɗin alherinta, ni kuwa bakina ya ƙi buɗuwa. Abin da na kasa faɗa a can shi zan rubuta a nan.

Yaya, duk unguwa an san ki da man gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Babu yaron da ya taɓa leƙa ƙofarki ranar suya ya koma hannu wofi. In naƙuda ta kama mace, ƙofarki ake fara bugawa kafin a nemi mota. Ni kuwa na san abin da ya fi haka. Ina ƙarama Inna ta rasu, ke kika ɗauke ni, kika yi mini kitso, kika raka ni ɗakin miji, kika dafa mini ruwan wankan jego a kowace haihuwa. Amma tun da kika tafi, in na rufe ido ba waɗannan nake gani ba. Dutse nake gani, kore shar, da ke a gaba da yarinya a bayanki, girgije yana haɗiye ku kaɗan-kaɗan.

Innarmu Aminatu 'yar kan dutse ce, can bayan Dukku a ƙasar Rijau. Babanmu ya gan ta a kasuwa yana fataucin hatsi, ya aure ta, ya kawo ta Kontagora, kuma ba ta sake taka ƙauyensu ba har ta koma ga Allah. Ba faɗa aka yi ba. Haihuwa ce, da hidimar gida, da nisan hanya, da "baɗi in Allah Ya kai mu". Ta bar ƙanwa ɗaya a can, Iya Ruka, wadda ba mu taɓa sa wa ido ba. Wannan abu ya tsaya miki a rai shekara da shekaru. Kina cewa, "Jawahir, in tsohuwar nan ta mutu ba ta san mu ba, 'ya'yanmu sun tashi ba dangin kaka ke nan har abada."

A dogon hutun makaranta na 2015, cikin Agusta, lokacin hanyoyin can ba su lalace ba, kika ce a shirya. Da ɗanki Abdulfatahi, da nawa biyu, Shamsuddeen da Lubna, wadda ko firamare ba ta shiga ba. Mijinki Malam Jumare, abokin wasana, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Mutane na kai yara hutu Minna, ku za ku kai su hawan dutse da damina? Ita kuma wannan da ƙibarta, ku tafi da igiya, don sai an jawo ta." Kika ce, "Malam, ka ji da tsaron gida. In ta gaza zan goya ta, ai ba yau na fara ba."

Mota ta sauke mu a Dukku. Can Silas ya tarye mu, mutumin da yake kawo miki gyaɗa, wanda ya san kowace hanyar ƙafa a duwatsun nan. Daga nan sai tafiya a ƙasa.

Har yau ban san ko idona ya ga duk abin da nake tunawa ba, ko wani a mafarki ya ƙaru. Dawa ta fi mu tsawo, muna ratsa ta tana zuba mana raɓa a wuya. Ruwa yana fitowa daga jikin dutse ba rijiya ba famfo, sanyi ƙalau, yara suna tara hannu suna sha. Shamsuddeen ya cire takalminsa ya rataya a wuya ya ce nauyi suke yi masa. Abdulfatahi da bai iya rabuwa da talabijin ba, sai ga shi yana bin fara a ciyawa, bakinsa baƙi ƙirin da ɗinya. Ba ki taɓa ce wa yaran su yi sauri ba. In suka tsaya kallon ƙadangare, ke ma ki tsaya. Kina cewa ƙafar yaro ita ce ma'aunin tafiya.

Ƙauyen farko da muka kwana, rumbuna ne a jere bisa falalen dutse kamar tukwane a kan murhu. Akwai 'yar majami'a ta ƙasa, da tsohon ƙarfen tayar mota rataye a bishiya wanda suke bugawa in lokacin ibadarsu ya yi. Matar faston, Happiness, ita ta share mana ɗakinta, ta kawo ruwan alwala, ta nuna mana gabas da hannunta, sannan ta gasa wa yara sabuwar masara. Da safe kika kwance ƙullin ƙuli-ƙuli kika raba wa yaran ƙauyen kaf, har na ce, "Yaya, guzurinmu fa?" Kika ce guzuri na gaba. Gaskiyarki. A rugar da muka ratsa an cika mana ƙwarya da nono, a ƙauye na gaba an dafa mana gyaɗa, ba wanda ya tambaye mu ko su wane ne mu sai da muka ƙoshi.

Da muka yi sama sosai, hanya ta zama siririya, ni ina baya ina haki, ke kin goya Lubna. Sai wani farin abu ya sauko ya zauna a kan hanya gabanmu. Lubna ta ce, "Mama Babba, hayaƙin wa ne wannan?" Kika ce, "Girgije ne. Ya gaji ya zauna hutawa, kamar uwarki." Ta miƙa hannu ta damƙa, ta buɗe, ba komai sai laima. Muka shiga cikinsa. Ban ƙara ganin kowa ba, sai muryarki kina kiran sunayen yaran ɗaya bayan ɗaya suna amsawa, da ƙarar ruwa a wani wuri ƙasa da mu. Da muka fita, duniya duk tana ƙarƙashin ƙafarmu, gonaki kamar tabarmi, shanu kamar tsakuwa.

A nan muka fara haɗuwa da matan dutse suna saukowa da kaya. Ba a ka suke ɗauka ba, a kafaɗa, ƙwarya ko tulu ko itace, kai a sake suna hira. Yaran suka yi ta kwaikwayo suna dariya. Ke kuwa kika ce kin tuna Inna takan ɗora bokiti haka in ta ga ba kowa a tsakar gida.

Ƙauyen su Inna muna ce masa Kan Dutse ne kawai, don ainihin sunansa harshena bai taɓa iya shi ba. Mun isa rana ta yi sanyi. Aka nuna mana wata tsohuwa tana tsince wake a ƙofar ɗaki. Da ta ɗago, sai na ga fuskar Inna ce sak. Kika durƙusa kika ce, "Iya, 'ya'yan Aminatu ne." Ta daɗe tana kallonmu. Sannan ta ce da Hausarta ta mutanen dutse, "Sannunku da hanya. Baƙi sun sha tafiya."

Ta sa aka shimfiɗa mana sabuwar tabarma. Aka kawo ruwa a sabuwar ƙwarya. Aka kama kaza aka yanka, aka kawo mana ita a kwano mai murfi, mu kaɗai a ɗakin da aka share mana. Ni daɗi ya kama ni, na ce, "Yaya, kin ga karamci? Ashe tsoron banza muka yi." Ina ta ci, ina ba yara. Sai na lura ko loma ba ki kai baki ba. Ta ƙofa kina kallon mutanen gidan, sun kewaye akushi ɗaya na tuwon dawa da miyar yakuwa, ba wanda ya ce mu matso. Kika ce a hankali, "Jawahir, kazar baƙi ce. A nan ba a yanka wa ɗan gida kaza. Ko sunan yaran ba ta tambaya ba. Gobe za ta raka mu bakin hanya ta ce mu gai da gida, shi ke nan." Na mayar da naman cikin kwanon. Ni 'yar gari, na ɗauka girmamawa ce, ashe ƙofa ake rufe mana da ladabi.

Gari na wayewa, ba ki nemi izinin kowa ba, kika ɗauki tulun gidan kika bi mata zuwa inda ruwa yake ɓuɓɓugowa. Kika naɗe ɗankwalinki kika yi gammo, kika hawo da tulu a ka, tiƙis-tiƙis, kamar yadda muka saba. Matan suna biye da ke suna ƙyaƙyata dariya. Kina shiga tsakar gida Iya Ruka ta miƙe tsaye.

"Ke! 'Yar gidan wa ce ke da za ki shigo mini da tulu a ka? Uwarki ba ta koya miki komai ba? Ta tafi birni ta manta da mu, har kafaɗarta ma ta manta!"

Kika ce, "Ai shi ya sa na zo, Iya. Ki koya mini."

Ba ta saurare ki ba. Faɗa take yi, Hausa ta ƙare mata ta koma yarensu, hawaye yana bin fuskarta, tana kiran Inna da wani suna da ba mu taɓa ji ba. Faɗan shekara arba'in ne da ba ta sami wanda za ta yi wa ba. Ta fizge gammon ta yar, ta dafa kafaɗarki da ƙarfi, ta sauko da tulun ta ɗora a wurin. Rabin ruwan ya kwarare miki a jiki. Kina tsaye sharkaf, kina dariya kina kuka. Sai ta juyo kaina ta ce, "Ke kuma mai zaman tabarma, ga dawa can, turmi na jiran ki." Da hannunta ta naɗe tabarmar ta jefa kan rumbu.

Ranar ta tambayi sunan yaran. Shamsuddeen da Abdulfatahi suka gagari bakinta, ta ce wannan ba suna ba ne, kaya ne, ta raɗa musu nata gajeru, ta kora su kiwon awaki da jikokinta. Sauran kwanakin sun wuce mini kamar barcin rana. Hannuna ya yi kanta da daka. Lubna tana kwana a jikin Iya. Da yamma mu hau falalen dutse mu zauna, hadari yana haɗuwa a ƙasa da mu, Iya tana nuna mana bishiyar da Inna ta faɗo daga kanta tana yarinya, da inda suke ɓuya in an aike su.

Ba mu san muna yi wa wannan wuri kallon ƙarshe ba. Bayan 'yan shekaru 'yan bindiga suka addabi yankin, ƙauyukan da suka ba mu masara da nono suka watse. Wata ranar kasuwa sai ga Iya Ruka a tashar Kontagora da jikokinta mata biyu, ba takalmi a ƙafarta, tana tambayar gidan Salihatu mai ƙuli-ƙuli. Da ba ki kai mu ba, Yaya, wace ƙofa za ta buga a garin nan? Kika ba ta ɗakinki, kika koma na ajiyar gyaɗa. Kika sa yaran a makaranta. Ba ki taɓa bari wani ya kira su 'yan gudun hijira a gabanki ba. Sai ki ce, "Uwata ce, ta zo gidanta."

Bayan sadakar uku, mutane sun ragu, na shiga na tarar da Iya ta ƙulle kayanta a tsohon zane, jikokin suna tsaye suna kuka. Ta ce, "Mai gidan ta tafi. Mijinta mutumin kirki ne, ya ce in zauna, amma shi ba jinina ba ne. Zan koma dutse, ko ba kowa akwai kaburburanmu." Yaya, kin san ni, duk rayuwata a bayanki nake tafiya, ke ce mai magana. Na waiga inda kika saba zama, ba kowa. Sai na ji bakina ya ce, "Iya, mu biyu Aminatu ta haifa." Ta dube ni har na sunkuyar da kai. Sannan ta miƙo mini ƙullin ta ce, "To, riƙe. Ki yi a hankali, akwai ƙwarya a ciki."

Ina miƙa ta'aziyyata ga Malam Jumare, wanda tun ranar Laraba bai tsokane ni ko sau ɗaya ba, Allah Ya ba shi haƙuri da dangana. Ga Abdulfatahi da ƙannensa, ku sani kuna da uwa muddin ina numfashi. Ga Iya Ruka da ta binne 'yar da ta samu da tsufa, ga Silas da ya taso tun daga Dukku don ya tsaya a bakin maƙabarta, ga matan unguwa da yaran da suka saba leƙa ƙofa ranar suya, Allah Ya ba mu jimirin wannan rashi. Na gode wa duk wanda ya tako ko ya bugo waya.

Ya Allah, Ka jiƙan baiwarKa Salihatu. Ka yafe mata kurakuranta, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka sanyaya mata makwanci. Ta sada zumuncin da ya yanke, Ka sada ta da rahamarKa. Ka haɗa ta da Inna da Baba a Aljannar Firdausi. Ka dawo da zaman lafiya ƙauyukan dutse, masu su su koma gonakinsu. Mu kuma in tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani.

Yaya, ki kwanta ki huta. Iya tana ɗakina, ta ci abinci, yaran kuma sun tafi makaranta.