Anti Da'ira ta Asibitin Ido ta Ajiye Aiki

Ƙarfe bakwai da rabi take shiga ofis, kafin mai shara ya gama goge ƙasa. Ofishin wani ɗan lungu ne a bayan ɗakin ajiye katunan marasa lafiya a asibitin ido: tebur ɗaya, kujera mai gurguwar ƙafa da aka tokare da kwali, sai fankar da ba ta juyawa sai an zungure ta da rula. Takan ajiye jaka, ta goge tabaranta, ta zuba shayin da ba ta taɓa samun shan sa da zafi ba, ta saƙala abin magana a kunne, sannan ta kunna kwamfuta. Daga nan har ƙarfe huɗu aikinta ɗaya ne, nuna wa mutanen da ba sa gani sosai inda za su danna.

Shekara goma sha tara ta yi tana amsa waya a asibitin. Rana ɗaya aka ce an ci gaba, duk mai son ganin likita ya shiga shafin intanet ya zaɓi rana da kansa. Wanda ya tsara shafin mutum ne mai lafiyar ido, ya zuba rubutu ƙanana kamar ƙwan kiyashi, ya manta cewa ba yawan gani ne ke kawo mutane asibitin ido ba. Da kuka ya yi yawa sai aka sayo wata manhaja. Idan mutum ya ɓace a shafin ya nemi taimako, kuma ya amince, sai shafin da yake kallo ya bayyana a gaban ma'aikaci. Ma'aikacin yana ganin inda kibiyar mutumin ke yawo, suna magana, yana kuma iya zana masa jar da'ira a kan wurin da zai danna.

Aka ce mata ko ta koyi abin, ko a kawo wanda ya iya. Tana da shekara hamsin da ɗaya a lokacin, kuma mai gyaran kwamfutar asibitin ya rantse min cewa ranar farko da hannu biyu ta kama linzamin kwamfutar, kamar wadda aka ba wa ɗan tsako mai shirin gudu. Sai da ta yi wata guda tana zana da'irori masu kama da dankali. Yau shekara tara ke nan, kuma shi mai gyaran da kansa yakan leƙo ya tambaye ta abin da ya shige masa duhu. Daga nan sunan Anti Da'ira ya bi ta, har babban likita da shi yake kiran ta.

Abokan aikinta suna da labaranta da yawa. Akwai wata dattijuwa da aka zana wa da'irar, sai ta ce cikin sanyin murya ciwon ya ƙaru, yanzu har wani jan zobe take gani yana yawo. Anti ta ce mata ta kwantar da hankalinta, wannan zoben nata ne, kuma shi kaɗai ne ciwon da take iya warkarwa daga kan kujera. Akwai wani tela da ya ɗauka da'irar datti ce, ya tofa yawu ya kama gogewa da gefen riga, duk inda ya goge da'irar ta matsa. Akwai masu zaton tana ganin su, har wani ya nemi afuwa ya je ya sanyo riga ya dawo. Kullum sai ta yi bayani cewa shafin kaɗai take gani, ba ta ganin fuska ko falo, kuma ko ranar haihuwa idan an rubuta taurari ne ke fito mata. Wata mata da ta ji haka ta yi ajiyar zuciya, ta goge shekarar da ta sa, ta rubuta ta gaskiya.

Ni kuwa ta dalilin mahaifina na san ta.

Baba shekara talatin da biyar ya yi yana koyar da tuƙi. Mutum ne da ya saba cewa hagu, dama, taka birki, bai saba a ce masa ba. Bara sau biyu ya goge gefen hagu na motarsa a ƙofar gida. Karon farko ya ce ƙofar ce ta karkace, karo na biyu ya ce magini ne ya cuce mu tun asali. Mun roƙe shi ya je a duba idonsa, ya ce idon da ya yaye direbobi fiye da dubu ba ya buƙatar shawarar 'ya'yan da ya koya wa cin abinci da cokali. Kuma a hakan shi ke kai jikokinsa uku makaranta kowace safiya.

Wata Talata Mama ta ce tabaranta sun daina yi mata aiki. Baba ya ɗauki kwamfutata ya ce shi zai samo mata ranar ganin likita, kada kowa ya sa masa baki. Ina gefe ina guga ina kallon ikon Allah. Bayan minti ashirin ya yanke hukunci cewa shafin ya lalace, ya danna neman taimako don ya faɗa musu ra'ayinsa a kansu.

Anti ta gaishe shi, ta tambayi iyali, ta bar shi ya zazzage faɗansa tas. Sannan ta ce ga jar da'ira nan, ya danna cikinta. Ya ce babu wata da'ira. Ni daga inda nake tsaye ina hango ta, ƙatuwa, a gefen hagu. Na buɗe baki ya ɗaga min hannu. Anti ta matsar da ita tsakiya, nan take ya ce yawwa, yanzu kuka gyara. Suka ci gaba, ta sake zana wata a hagu, ya sake cewa babu. Ta mayar da ita dama, ya gani. Haka aka sake yi har sau biyu. Daga baya ta faɗa min cewa ta uku da ta huɗu da gangan ta zana su, wurin ma babu abin dannawa.

Da aka gama da Mama, sai ta ce masa ita ba likita ba ce, amma tana roƙon ya bari ta sa sunansa shi ma a ranar. Baba ya gyara zama ya karanta mata tarihin aikinsa tun daga motar farko. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce:

"Baba, ina da tambaya a kan sana'arku. Idan ɗalibi ya wuce alama sau huɗu, duka huɗun a hannun hagu, za ku ce ya isa karɓar lasisi?"

"Ko ɗan cikina ne ba zan ce ba."

"To sau huɗu na sa muku alama a hagu."

Na tsaya ina kallon Baba, na manta da guga. Har rigar da nake gogewa ta fara ƙauri. Can ya yi gyaran murya ya ce, tunda dai zai rako matarsa, babu laifi a duba shi, don kada kujerar likita ta zauna a banza.

Likita ya ce hawan jinin ido ne, ya daɗe yana cin ganinsa ta gefe ba tare da ciwo ba. Abin da ya tafi ba zai dawo ba, amma an tare sauran da maganin ɗigawa. Ya ce da an ƙara shekara ɗaya, da maganar ta sha bamban. A ranar Baba ya miƙo min makullin mota ba tare da ya kalle ni ba. Yanzu ni ke kai yara makaranta, shi kuma yana kujerar gefe yana sanar da ni cewa ban iya kwana ba.

Anti, ke ce kika yi cikin minti goma abin da mu 'ya'yansa biyar muka kasa cikin shekara guda, kuma kika yi shi ba tare da kin zubar masa da girma ba. Ke ce mai dogon haƙuri, wadda ake yi wa tsawa da safe a sa mata albarka kafin a kashe waya. Ke ce kika cika littafi guda da wuraren da mutane ke ɓacewa a shafin nan, kika riƙa kai wa shugaban sashe har sau shida, sai da ya gaji da ganin ki a bakin ƙofa ya sa aka ƙara girman rubutun. Babu wanda ya ce ki lura da idon kowa. Dannawa kawai aka ce ki nuna.

Ranar Alhamis da ta wuce aka yi mata ɗan taron sallama a harabar asibitin. Baba ya sa babbar rigarsa ya ce sai an kai shi. Ba a sa shi cikin masu jawabi ba, amma ya karɓi abin magana daga hannun babban likita, ya bayyana wa jama'a cewa shi da kansa ya lura idonsa na hagu ya fara rauni, sai wannan baiwar Allah ta taimaka masa da cike takarda. Na kalli Anti ina jiran ta gyara masa. Ta gyaɗa kai ta ce haka aka yi, Baba. Da muka fito ya kama hannuna ya ce a hankali, in tabbatar na karɓi lambar matar nan, irin ta ba a barin zumunci da ita ya yanke.

Mun gode, Anti, ni da Mama da jikoki uku da ke isa makaranta lafiya. Allah ya sa ki huta cikin ƙoshin lafiya, ya bar miki ganinki har ƙarshen rayuwa. Ku kuma da za ku gaji teburinta, da duk wanda aikinsa ke haɗa shi da mutanen da suka rikice, ku yi koyi da ita. Idan mutum ya ce muku bai ga abin da ke gabansa ba, kada ku yi saurin cewa taurin kai ne. Wani lokaci gaskiyarsa yake faɗa, kuma ku ne kaɗai kuka ji.