Furofelar Gaba da Masarar Yaya

A shekarar da damina ta ƙi tafiya, yayata ta karye masararta a gonar da ke bayan duwatsu, can gaba da Doguwa, aka tara ta a bakin gona aka rufe da leda. Mijinta ya rasu, abincin gidanta na shekara ke nan kwance a fili, sama kuwa kullum sai ta haɗo. Tsakanin gonar da gari akwai wani rafi mai laka wanda ko jaki ya hango shi sai ya yi salati ya juya. Motocin haya duk sun ƙi zuwa.

Ni kuwa ina da tsohuwar a-kori-kura mai fowil, wato wadda tayoyinta huɗu ke ja idan an buƙata. Ta girmi wasu daga cikin 'ya'yana, tana tari kamar mai shan taba, amma ina sonta. Na je gaban Yaya na bugi ƙirji.

"Yaya, ki sa ranki a inuwa. Masarar nan ko a kan gajimare aka tara ta, ni zan sauko da ita."

Ta dube ni daga sama har ƙasa. "Auta, bakinka ne zai ɗauko ko motar?"

Ina da furfura a gemu, amma har yau Auta nake a wurinta.

Matsalar ita ce shaf ɗin gaba, sandunan ƙarfen da ke juya tayoyi, sun daɗe suna ƙas-ƙas. Na gangara Tudun Wada wurin makanikena, wanda kuma taubashina ne, ɗan ƙanin mahaifiyata. Tun muna yara ba mu taɓa gaisawa ba tare da zagi ba.

"Bawana ya iso!" in ji shi. "Me ka kawo, mota ko gawa?"

Na ce masa so nake a sa mata ƙafafun giwa. Nan ya baje mini zaɓi a kan benci. Akwai shaf irin na asali, siriri, mai ladabi. Akwai kuma mai kauri na Beljiyam, wanda sai an je Kano. Sannan ga maganar tsakiyar taya: ko a bar makullin da sai direba ya sauko ya murɗa da hannu kafin tayar gaba ta kama, ko a cire shi a ɗaura farantin ƙarfe sukutum, wanda ke riƙe shaf da taya dindindin.

"Wato da faranti ba sai na sauka cikin laka ba?"

"Da wannan tumbin naka? Idan ka sauka ai sai an nemo tarakta a ciro ka."

Na zaɓi faranti da shaf mai kauri nan take.

Washegari muka tafi Kano tare. A kasuwar kayan mota na riƙa ɗaga shaf ina ƙwanƙwasawa da spana ina kasa kunne, kamar mai zaɓen kankana. Taubashina yana ƙirga haƙoran bakin kowanne yana gwadawa cikin farantin, don idan ba su dace ba an yi aikin banza. Da muka samu waɗanda suka shige cif, wallahi sai da na rungume su. A hanyar dawowa, tun daga Bebeji har Kwanar Dangora a cinyata na riƙe su, ina ba fasinjoji labarinsu, har wata tsohuwa ta tambaya ko na jirgin sama ne. Na ce mata ƙannensu ne.

Aka ɗaura, aka cika da giris, na kama hanya ina ta hon ga mutanen da ban sani ba. Da hantsi na ɗauki Yaya da taubashin muka nufi rafi. Makiyayan da ke kiwo a gefe suka jingina da sandunansu suna kallo. Na tsaya, na gyara hula, na sa mota a ƙaramar giya, na ce, "Yaya, riƙe mayafinki!"

Muka shiga. Tayoyin baya suka yi ihu, suka watsa laka har saman bishiya. Na gaba kuwa ko motsi, suna zaune kamar baƙi a gidan suna. Mota ta nutse har ciki.

Taubashina ya tuɓe riga ya leƙa ƙasa. Ya daɗe. Da ya ɗago, fuskarsa ta yi wani iri.

"Babu furofelar gaba."

Furofela ita ce doguwar sandar da ke kai ƙarfin inji ga tayoyin gaba. A yankinmu kuwa, da rani ya shigo, duk mai fowil sai a kwance masa ita, wai don mota ta rage shan mai, da damina a mayar. Shi ya kwance tawa da hannunsa, kuma duk hidimar da muka yi a jikin tayoyi muka yi ta, babu wanda ya leƙa tsakiya.

"Tana ina?" in ji Yaya, a hankali, irin hankalin da ke ba ni tsoro.

Ya sosa ƙeya. "Ai... ita na kafa turken ragona."

Makiyayan nan suka yi dariya har shanunsu suka ɗago kai. Ni ma na so in yi, amma da na kalli gabas dariyar ta koma. Hadari ya fara baƙi, Yaya kuma tana kallon ƙetaren rafi, inda ledarta ke kaɗawa.

Ban taɓa ganin taubashina ya yi gudu irin na ranar ba. Ya tare ɗan acaɓa, suka ɓace. Makiyayan suka ɗaura wa motar igiya, bijimai suka ja ta baya zuwa tudu. Bayan azahar sai ga shi ya dawo da furofela a kafaɗa, da guntun igiyar rago a jikinta. Ya kwanta a ƙasa yana ɗaurawa, ina miƙa masa noti ina zaginsa, yana ramawa daga ƙarƙashi.

Karo na biyu ban yi jawabi ba. Bismillah kawai na ce. Sai na ji gaban motar ya cafki ƙasa, abin da na manta daɗinsa. Ta yi gurnani, ta kwankwaɗi ruwa, ta haye gangaren kamar akuya ta ga dusa. Na yi kabbarar da na tabbata an ji ta a Kiru.

Muka yi ta jigila, ana yayyafi muna lodi, makiyayan ma suka sa hannu. Sabbin shaf ɗin ko tari ba su yi ba. Masarar da ke can ƙasan tarin ta jiƙe har ta fara tsiro, wannan sai dai kaji, amma sauran duk ta shiga rumbu kafin ruwan ya sauko da gaske.

Yaya ta tsaya a bakin rumbun tana sa hannu cikin masarar tana juyawa. Ina jiran yabo, na ma gyara tsayuwa. Sai ta ce, "Ku wanke ƙafafunku kafin ku hau mini tabarma." Ta shiga kicin, can muka ji kukan zakara ya katse.