Saƙon da ya isa Yamai babu komai a ciki

Idanuna sun fara raguwa ne a shekarar da likita ya ce ina da ciwon suga. Lokacin ina aiki da wata ƙungiya mai raba wa manoma irin gero da na wake a Dogon Dutsi da ƙauyukan kewaye. Biro ɗinmu, wato ofis, ɗaki biyu ne a bayan kasuwa, kuma odinata guda, wato kwamfuta, muke rabawa ni da abokin aikina. Tare muka yi lakwal, makarantar boko, da shi tun muna yara, tare aka ɗauke mu aiki, matsayinmu ɗaya. Matarsa ma ta sha zuwa gidana kitso.

Aikinmu rabinsa a gonaki ne, rabinsa a gaban odinata, domin duk umarnin da ke fitowa daga hedkwatarmu a Yamai ta mel, saƙon intanet, yake zuwa. Da na ga ƙananan haruffa sun fara yi mini rawa, sai na zauna wata rana na shiga wurin gyare-gyaren akwatin saƙonni, na yi ta taɓe-taɓe har na samu abin da ya dace da ni. Na ƙara girman rubutu. Na mayar da bayan shafin baƙi, haruffan farare, don farin haske yana soka mini ido. Na hana hotuna da launuka buɗewa, ya zama kowane saƙo rubutu ne tsantsa. Da haka nake karanta komai ba tare da na nemi taimakon kowa ba.

Abokin aikina kaɗai na gaya wa dalili. Ya ce, "Ƴar'uwa, mi ne ne a ciki? Bar shi hakanan, ni ma ina iya karantawa." Haka muka ci gaba watanni.

Sai shef ɗinmu, shugaban biro, ya yi ritaya, aka ce cikinmu biyu za a zaɓi wanda zai gaje shi. Darekta da kansa ya zo daga Yamai da mutanensa. Da safen ranar na biya asibiti awon jini, na iso biro har an shirya kujeru. Ana cikin tattaunawa darekta ya juyo gare ni ya ce in buɗe saƙon da ya aiko kan rabon irin wake in karanta wa kowa, tunda ni ce na amsa shi.

Na ja kujera na buɗe akwatin. Fari fat ya bugi fuskata. Haruffan sun koma ƙanana kamar tururuwa a kan faifai, an kuma cusa saƙonni cikin juna. Na matso da fuskata har hancina ya kusa taɓa gilashin. Na so in koma wurin gyare-gyare, amma shi ma ya ƙanƙance, ga mutane tsaye a kaina suna jira. Na karanta layin farko da ka, domin na san shi, a na biyu na tsaya.

Abokin aikina ya taso a hankali, ya dafa bayan kujerata.

"Ranka shi daɗe, ku yi mata haƙuri. Idanun ne. Ta daɗe tana hwama, ba ta son a sani. Bari in karanta."

Ya karanta da murya mai daɗi. Darekta ya dube ni da tausayi, ya tambaye ni ko ina shan magani. Da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi.

Bayan sun tafi na tambaye shi me ya sa ya taɓa odinatar. Ya ce baƙi ne za su zo, bai kamata su tarar da allo baƙi ƙirin kamar na'urar ta mutu ba. Yana faɗa yana kallon wayarsa.

Shi aka ba kujerar. Ni aka ce an sauƙaƙa mini aiki, aka tura ni Dumega in kula da rumbun iri, aka haɗa ni da wata tsohuwar odinata ta hannu. Mijina da yara suka zauna a Dogon Dutsi. Duk ƙarshen mako sai in shiga taksin daji, a matse ni tsakanin buhuna da awaki, in zo in gan su in koma. A Dumega, in ina son saƙo ya shigo, sai na ɗauki odinatar da waya na fita bayan rumbun, inda rezon waya ke ɗan kamawa. Abu na farko da na yi wa odinatar shi ne na mayar da ita yadda idona yake so: baƙin shafi, manyan haruffa, babu hoto.

Ban yafe ba, ban kuma yi ƙoƙarin yafewa ba. Ranar Lahadi a majami'a in fasto ya yi wa'azi kan gafara, nakan zauna in saurara har ƙarshe, in fito da abina a zuciya yadda na shiga da shi. Mijina ya ce in bar wa Allah. Na ce na bar masa, amma ina so in kasance a wurin ranar da zai yi hukunci. A cikin taksi nakan tsara abin da zan yi wa mutumin nan, in rushe, in sake tsarawa. Na yi tunanin kai ƙara Yamai, na ga ba ni da abin faɗa: mutum ya taimaka mini da karatu a gaban jama'a, wa zai kira wannan laifi? Sai na ci gaba da gaishe shi da "Shef" kamar kowa, ina jira.

A bazarar shekara ta biyu Shef ya ƙudura yin babban bikin buɗe rabon iri, irin wanda ba a taɓa yi ba. Yana so darekta ya zo, da masu ba ƙungiyar tallafi, su gan shi a gaban manoma. Wata rana ina bayan rumbu sai saƙonsa ya shigo, an tura wa darekta da manyan Yamai, mu ma'aikata an saka mu a ciki. Kan saƙon gaisuwar girmamawa ce kawai da Faransanci. Na buɗe, na ga babu komai. Wani ɗan akwati ne fanko a tsakiyar shafi.

Na gane abin da ya faru nan take. Katin gayyata ya haɗa a intanet, da rana da wuri da komai a cikin hoto, bai rubuta ko kalma ɗaya a waje ba. Duk wanda akwatinsa ba ya buɗe hotuna, fanko zai gani. Na kuma san odinatocin hedkwata duk an hana su buɗe irin waɗannan hotuna saboda ƙwayoyin cuta na na'ura, domin an taɓa aiko mana da sanarwa a kai tun muna raba tebur ɗaya. Ni na karanta ta. Shi ba ya karanta saƙon da bai shafi sunansa ba.

Na rufe odinatar, na zauna a inuwar rumbun ina jin wani sanyi yana ratsa ni duk da zafin ranar.

Ranar Juma'a na shigo Dogon Dutsi na biya biro kai rahoto. Ya kira ni gaban odinatarsa, ya buɗe katin. A wurinsa ya fito tsaf: kore da ruwan zinariya, zangarniyar gero a gefe, hotonsa da babbar riga a sama.

"Madam, kin gani? Ko in ƙara miki girma?"

"A'a, Shef, ina gani. A nan wurinka ya yi kyau ƙwarai."

"Na kira sakatariyar darekta, na ce sun ga saƙona? Ta ce sun gani, sun gode."

"To madalla," na ce.

Ban yi masa ƙarya ko ɗaya ba. Sakatariyar ma ba ta yi ba: ta ga gaisuwa, ta gode.

Ranar bikin na sa atamfata mafi kyau, na zo da wuri na zauna a layin gaba. An kafa rumfuna a fili, an jera kujeru, na gaba an lulluɓe su da farin yadi don baƙin Yamai. An yanka raguna. Makaɗa sun zo. Manoma sun taho a amalanke tun daga wajen Dogon Kiriya. Hukumomin gari, da aka kai wa gayyata hannu da hannu, sun aiko wakilansu, suka zauna suna fifita da takardar shirin biki.

Rana ta ɗaga. Shef yana fita bakin kwalta yana leƙen hanyar Dosso, yana dawowa. Duk farar motar da ta ɓullo sai makaɗa su ɗaga kiɗa, motar ta wuce abinta zuwa Konni. Babbar rigarsa ta jiƙe a baya. Na bi shi da ido duk inda ya yi, ban so ko motsi ɗaya ya wuce ni ba.

Da azahar ta gabato ya kira darekta, kuma don hayaniya sai ya saki muryar wayar, ga shi tsaye kusa da ni. Darekta ya ce wane biki? Yana Maraɗi tun shekaranjiya. Ya ce shi bai ga wata gayyata ba, gaisuwa kawai aka ce an aiko. Sannan ya tambayi wa ya ba da izinin duk wannan hidima.

Wakilan hukuma suka tashi ɗaya bayan ɗaya, suka ce lokacin salla ya yi. Manoma aka raba musu irinsu ba jawabi, suka ɗora a amalanke suka kama hanya, su dai abin da ya kawo su sun samu. Ni kuwa na zauna a ɗaya daga cikin kujerun masu farin yadi, aka kawo mini nama da shinkafa, na ci na ƙoshi. Likita ya hana ni lemon kwalba, amma ranar na sha rabi.

Bayan mako guda ya zo Dumega a kan babur, abin da bai taɓa yi ba. An riga an nuna masa a Yamai yadda saƙonsa ya isa. Ya tarar da ni ina auna wake. Bai yi sallama ba.

"Buɗe min odinatarki."

Na buɗe, na nemo saƙon, na juya masa. Ya daɗe yana kallon akwatin nan fanko.

"Ashe kin sani."

"Na sani."

"Ranar da kika zo biro, kin sani, kika ce ya yi kyau."

"Na ce a wurinka ya yi kyau."

"Tare hwa muka tashi."

"Tare muka tashi," na ce. "Shi ya sa kai kaɗai na gaya wa ciwona."

Na koma kan awona, na bar shi tsaye har ya gaji ya hau babur ɗinsa.

Ba a kore shi ba. An rubuta masa gargaɗi, kafin kaka aka mayar da shi Dosso ƙarƙashin wani, aka kawo mana wata mata daga Tawa ta zama shef. Ni ban samu kujerar ba, ban ma sa rai ba. Na ƙara shekara a Dumega kafin sabuwar shef ta dawo da ni gida, ta ba ni tebur kusa da taga da odinata tawa ni kaɗai.

Mun haɗu da shi sau ɗaya tun daga nan, a wajen wani biki a Tibiri. Matarsa ta zo ta gaishe ni, ta tambayi yara, na tambayi nata. Shi ya tsaya can wajen motoci yana magana da direba har muka gama.