Ladabin Safiya

A unguwarmu ta bayan kasuwar hatsi a Gadarif, kowa ya san tafiyar Baba Ɗantsoho. Yana jan ƙafar hagu, yana tsayawa a kowace inuwa kamar mai neman abin da ya yar. Shekara talatin da huɗu ya yi a wata babbar gona kudu da Ƙala'at an-Nahal, irin wadda ake kira mashru'u. Tarakta ke huɗa da shuka, amma yankan riɗi sai hannu, kuma riɗi ba ya jira. In ya nuna aka yi masa jinkiri, sai ya fashe ya zube ƙasa. Haka Baba ya duƙa da lauje tun yana saurayi har bayansa ya ƙi miƙewa.

Kalmar da ta fi zama a bakinsa ita ce "hadir", wato to, an gama. Sau ɗaya tak ya faɗi wani abu daban. Wata shekara aka kawo wa masu yanka ruwan sha a gangar da aka zuba wa man tarakta, ya tambayi wakilin gonar dalili. Wakili ya dube shi a gaban mutane ya ce, "Ƙalil adab." Marar ladabi. Daga ranar bai sake tambayar kowa komai ba.

Safiya ce autarsa, ita kaɗai ta gama sakandare a gidan. Burinsa ta karanta aikin gona, don ya sha ganin malamin gona ya sauko daga mota, mai mashru'u ya miƙe masa tsaye. Ita kuwa tun a sakandare ta kama hanyar tarihi da harshe, shi bai ma san ana zaɓa ba. Da takarda ta fito, aka ce jami'a ta ɗauke ta a Kulliyar Adab.

Larabcin Baba na gona ne da kasuwa, a kunnensa adab ladabi ne kawai. Safiya ta yi masa bayani sau biyu, ya ɗauka rufa wa jami'a asiri take yi. Sharu mai shayi ya ƙara gishiri.

"Ɗantsoho, an ce manya sun duba 'yar taka sun ga da sauran gyara. Shekara huɗu kuma. Ashe aikin da yawa."

Aka yi dariya, Baba bai yi ba. Ya ce ranar da za a tara sababbin ɗalibai zai je ya ɗauko 'yarsa. In ladabi ne, gidansa ya isa.

Ya isa da hantsi, ya tsaya a bakin ƙofar zauren taron. Fanka ba ta juyawa. Ya hango Safiya a layi na uku, ta gan shi ta sunkuyar da kai. Wata malama, Ustaza Ummuhani, ke magana da Larabci, muryarta a shaƙe, tana duba wata takarda da ta sha ninki. Ta ce a nan ba mai bin kowa da bulala, littafin da aka ba ka a mako ka karanta shi a makon. Ta ce ta san kaka na zuwa, ta san rabinsu za su ɓace su tafi yankan riɗi, amma wanda fashinsa ya yi yawa ba zai zauna jarrabawa ba. Ta ce za su yi rubutu da yawa, kuma duk wanda ya kwafi maganar wani bai ambaci mai ita ba, daidai yake da wanda ya ɗauki damin maƙwabci ya jingina a nasa.

"Kun ji?"

Zaure ya amsa, "Hadir."

Ta ajiye takardar, ta goge fuska da gefen mayafi. "Shekara goma sha ɗaya ke nan ina jin hadir ɗin nan. Na faɗa muku abu biyar, ba wanda ya ce don me. To, wa ke da tambaya?"

Can sai Baba ya ɗaga sandarsa. Daga baya ya ce mini shi kansa bai san lokacin da hannun ya tashi ba, kuma da ya buɗe baki Hausa ce ta fito.

"Ustaza, 'yata ce waccan. Me ta yi muku da za ku koya mata ladabi shekara huɗu?"

'Ya'yan Hausawa da ke wurin suka fara ƙunshe dariya. Malamar ba ta yi ba. Ta juya harshe zuwa Hausa ita ma, ashe Bahaushiya ce 'yar garin Fau.

"Baba, sannu da zuwa. A ba shi kujera mana." Da ya zauna ta ce, "Nawa uban ma haka ya tambaya. Ladabi kun riga kun koya musu, har ya yi mana yawa. Adab ɗinmu shi ne abin da mutane suka faɗa, da abin da suka rubuta, da abin da ya same su. In Safiya ta karanta littafi, ina so ta tambayi mai littafin: wa ya gaya maka, yaushe, me ka bari ba ka faɗa ba. Ni ma in na yi magana ta tambaye ni."

"Ta yi musu da ke?"

"In tana da hujja."

"Ba za ki ce mata ƙalil adab ba?"

"Maki zan ƙara mata."

"To in ta gama, wa zai miƙe mata tsaye?"

Ustaza ta ce, "Wataƙila ba kowa, Baba. Ni ba wanda ke miƙe mini. Za ta iya koyarwa, ko aikin ofis in an samu. Ba zan yi maka ƙarya ba."

 Baba ya ce mini a lokacin warin ruwan gangar nan ya dawo masa a hanci. Da aka tashi, Safiya ta zo ta durƙusa, jakarta a hannu, tana jiran a ce mu tafi.

"Tashi, auta. Koma ciki."

"Hadir, Baba."

"Ba ki ji abin da matar ta ce ba?"

Ya dawo shi kaɗai, yana hutawa a kowace inuwa. Da Sharu ya tambaye shi ina yarinyar, ya ce a zuba masa shayi kawai.

Yanzu Safiya tana shekara ta uku. Baba bai daina cewa da aikin gona ta karanta da ya fi ba. Kwanan baya na same shi a rumfar ƙofar gida yana matsa gwiwa, ya ce ya gaji da yarinyar nan, ko cewa ya yi ruwan bana ya fi na bara, sai ta ce wa ya auna.

"Shekaranjiya kuma da littafin rubutu ta zo. Wai za ta rubuta labarin masu yankan riɗi, sai na faɗa mata maganar gangar nan. Wace shekara, mu nawa ne, waye ya gani."

Na ce, "Ka faɗa mata?"

Ya miƙe ƙafar da ƙyar. "Na faɗa. Har ta tambaya ko ta ɓoye sunana. Na ce ta rubuta Ɗantsoho, ai ni na yi tambayar."