Rijiyoyi Bakwai da Takardar da Na Yaga

Watanni biyu ke nan da tafiyar, kuma ban amince da ƙwaƙwalwata sosai ba, don haka a karanta da hattara.

Mun tashi da asuba daga unguwarmu ta Darrasa, ni da abokin ɗakina, Banijare. Ina rubuta kundin digiri na biyu kan asalin rikicin ƙasa tsakanin Falasɗinawa da Isra'ilawa, malamina kuwa ya ce ba zai karɓi babin ba sai da shaidar baka. Aka kwatanta mini wani ƙauye a lardin Sharƙiyya, inda Falasɗinawan Bi'ir Saba'a suka zauna tun gudun 1948.

A 2014 ambaton Falasɗinu a motar haya ba wasa ba ne. Mikrobas, wato ƙaramar bas, zuwa garin Zagazig, in ban manta ba, jine goma a kuɗin ƙasar. Mutumin da ke gefena ya tambaye ni inda za ni har sau biyu, na ce ziyara. Sai ya miƙo mini burodi da ta'amiyya, irin ƙosansu. Na ci, amma ina zarginsa har ya sauka.

Daga Zagazig hanya ta ƙuntata, gonakin alkama dama da hagu, jakuna suna rige-rige da tuktuk, babur mai ƙafa uku. A ƙauyen aka kai mu wurin wani tsoho da ya baro Bi'ir Saba'a yana yaro. Ya ba mu shayi, ya ƙi ba mu magana. Wa ya aiko mu? Me ya haɗa ɗan Najeriya da gonar kakansa? Sai da ya juya iƙamata, takardar izinin zamana, gaba da baya sannan ya saki jiki.

Ya ce tun zamanin Turkawa aka nemi a yi rajistar filaye, kakanninsu suka ƙi, don tsoron haraji da ɗaukar soja. Zamanin Ingila ma haka. Da aka kore su, sai aka ce filin da ba shi a takarda ba na kowa ba ne. Wannan bakin mutum ɗaya ne. Ɗaya ɓangaren ma yana da hujjojinsa, ban ji su ba.

Na ce, "Baba, in rubuta?"

Ya ce, "Rubuta, ɗana. Kakana ya ji tsoron takarda, ga inda nake zaune."

Ya lissafa mini rijiyoyi bakwai da suka yi wa filinsu iyaka, na rubuta sunayensu a takarda. Ya ce cikin ƙauyen shi kaɗai ya rage da ya san su duka.

A hanyar dawowa na hango shingen sojoji. Na tuna takardar aljihuna: sunayen wurare a cikin Isra'ila, a hannun baƙo. Abokina ya ce in bar ta, ma'alish, ba komai, ba abin da zai faru. Na yayyaga ta, na zubar ta taga. Sojan ko leƙo mu bai yi ba, hannu kawai ya ɗaga.

Na yi ta maimaita sunayen kamar hadda har Darrasa. Biyar suka iso tare da ni. Da na shirya komawa, aka ce tsohon ya kwanta ciwo, ba ya gane mutane.

Na tafi neman asalin rikicin a bakin wani, sai na maimaita kuskuren kakansa da hannuna. Ɗaliban da suka taɓa zama da tsohon, in akwai wanda ya riƙe sauran sunaye biyun, ko ya ga kuskure a nan, don Allah ya aiko mini.